Injin tatsar nono na min ciwo, sai na ƙure shi nono zai fito?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye wajen Ringim, yarona wata 3, na koma aiki kuma makarantar da nisa sai an hau mashin, shiyasa nake barinshi wajen surukata. An kawo min injin tatsar nono daga Kano irin mai cajin nan, lambarshi 1 zuwa 9, ni dai a 9 nake sawa dan in gama da wuri, amma wallahi kan nonona har ya fara tsagewa kuma abinda ke fitowa ko rabin kofin shayi bai kai ba. Hajiya tace injin ne ke ƙafar min da nono, in bari a fara bashi kunu. Ya zanyi?

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana shi. Dan Allah daga yau ki sauka daga 9 ɗin nan. Ƙarfin zuƙa ba shi ke kawo nono ba, jikinki ne ke sako shi, akwai wani sinadari oksitosin da ke matso nonon daga ciki, kuma zafi da fargaba da sauri duk suna hana shi aiki, kinga kenan ke kina cije leɓe kina kallon agogo shi kuma nonon ya maƙale. Duk wanda ya zauna kusa da ruga ya san sai an saki ɗan maraƙi ya ɗan tsotsa tukun ake samun abin tatsa, ba ƙarfin hannu bane.

Yawancin injinan nan mataki biyu garesu. Na farko zuƙa ce ƙanana da sauri sauri irin yadda jariri ke yi in ya fara kamawa, ki fara da shi a lamba 1 ko 2 kamar minti biyu, har kiji nonon ya sauko, wasu sukan ji kamar tsikari, wasu sai dai suga ɗigo ya koma tsartuwa. Sai ki koma mataki na biyu mai ja a hankali, ki dinga ƙara lamba ɗaya ɗaya, inda kika ji ya fara damunki ki dawo baya da ɗaya, to nan ne wajenki, ko 3 ce ko 5. Kuma ba lallai ta zama ɗaya kullum ba, hagu da dama ma kan bambanta. Ja zaki ji, ba zafi ba. Minti 15 zuwa 20 ya isa.

Abinda na fi zargi ma a tsagewar nan shine mazurarin da ake kifawa a nono. Da yawa mai faɗin milimita 24 ne ke zuwa a kwali kuma ba kowa yake wa daidai ba. Ki leƙa ki gani lokacin da kike tatsa, in kan nonon na gugar gefe ya miki kaɗan, in kuma baƙin da ke zagaye yana shigewa ciki sosai ya miki yawa, in kin cire kika ga kan yayi fari ko ya kumbura to akwai gyara. Ki tabbata kan yana tsakiya kafin ki kunna.

Yanzu da yake ya tsage, ki huta da injin a wannan ɓangaren ki tatsa da hannu, ungozoma a asibitin sha-ka-tafi zata nuna miki, ki shafa ɗan nonon a wajen ya bushe. Kafin tatsa ki ɗora tsumma mai ɗumi ki ɗan murza, in yaron na kusa ma yafi, yana sha a ɗaya kina tatsar ɗayan.

Hajiya kuwa ki lallaɓa ta da girmamawa, tausayin jikanta take, amma kunu da ruwa sai ya cika wata 6. Nonon da aka tatsa kar ya wuce awa 4 a ɗaki, da zafin Jigawa kuwa gara a bashi da wuri, a rufe a ajiye gindin randa. In kika ga nonon yayi ja, yayi tauri da zazzaɓi, ki tafi asibiti ranar, kar ki jira.