Kwalin ƙwararre da lissafinsa: amsa ga mai tambaya kan muhawarar lantarki

Malam, ka ce ka kalli muhawara kan ko a gina tashar lantarki mai aiki da iskar gas ko a zuba kuɗin a sola, aka gabatar da wakiliyar wata ƙungiyar kare muhalli a matsayin ƙwararriya, daga baya ka gano kimiyyar siyasa ta karanta. Shi ne kake tambaya ko a yi watsi da duk abin da ta faɗa.

Na daɗe ina aikin tsara rabon wuta a kamfanin lantarki, na kuma sha zama a tarukan jin ra'ayin jama'a inda irin waɗannan ƙwararru ke baje kolinsu. Tambayar kwali halal ce, ka yi ta. Amma ka yi wa kowa, har da wanda ke faɗin abin da kake son ji. Mutane kan tono takardun abokin hamayya ne kawai, nasu gwanin kuwa ko sunan makarantarsa ba sa tambaya.

Kuma kwalin kansa yakan ruɗi mutum. Frederick Seitz babban masanin kimiyyar fiziks ne, ya taɓa shugabantar cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka, amma fanninsa ba yanayi ba ne, kuma da sunansa aka yi ta tallar shakku kan ɗumamar yanayi, bayan ya yi wa kamfanin taba na R.J. Reynolds aiki. A 2015 aka bankaɗo cewa Willie Soon, mai digirin digirgir, ya karɓi fiye da dala miliyan 1.2 daga kamfanonin mai da kwal, bai bayyana hakan a rubuce-rubucensa da dama ba. Wa ya tono takardun? Greenpeace, ƙungiyar fafutuka. A ɗaya ɓangaren ga Amory Lovins, wanda bai kammala digirin digirgir ba, yana wakiltar ƙungiyar kare muhalli ta Friends of the Earth ya yi rubutu a 1976 cewa buƙatar makamashi a Amurka ba za ta hau kamar yadda gwamnati da kamfanoni ke hasashe ba. Da shekarar 2000 ta zo, adadinsa ya fi nasu kusa da gaskiya, ko da yake ya zaƙe wajen saurin da ya ɗauka za a koma makamashin rana da iska.

Ni abin da nake saurara shi ne lissafi. A wani zama da na halarta, wani dakta ya miƙe da allon hotunansa, ya ce megawat 100 na sola zai maye gurbin megawat 100 na gas, magana ta ƙare. Wata matashiya daga ƙungiyar masu amfani da wuta, wadda ba injiniya ba ce, ta ɗaga hannu ta ce: "Dakta, ƙarfe takwas na dare fa, lokacin da kowa ya kunna kayansa?" Sai ya shiga juya takardu. Ita ta san bambancin ƙarfin tasha da wutar da take bayarwa a shekara. Sola ko a wuri mai rana sosai kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ƙarfinta take bayarwa in aka haɗa dare da rana, tashoshin nukiliyar Amurka kuwa sun haura kashi 90 cikin 100. Duk wanda ya cakuɗa megawat (ma'aunin ƙarfin tasha) da megawat-awa (ma'aunin wutar da ta bayar), na daina rubuta abin da yake faɗa, ko farfesa ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa nake so a riƙa gayyato masu zama a ɗakin kula da babban layin wutar lantarki, waɗanda ba a cika ganinsu a talabijin ba.

Su kansu manyan ba su tsira ba. Farfesa Mark Jacobson na jami'ar Stanford ya wallafa bincike a 2015 cewa Amurka za ta iya dogara kacokan da iska da rana da ruwa. A 2017 masana 21 suka mayar masa da martani a mujallar da ya wallafa nasa, suka nuna ya ɗora wa madatsun ruwa ƙarfin da ya ninka wanda suke da shi a lokacin fiye da sau goma. Ya kai ƙara yana neman dala miliyan 10, ya janye a 2018. Kwali a nan bai raba gardama ba, kowa na da shi. An iya kama batun ne don lissafin yana a rubuce, kowa ya duba.

Sai kuɗi. Ƙungiya ta karɓi tallafi ba laifi ba ne, haya da albashi ba sa biyan kansu. Ɓoyewa ce matsalar, kuma kamfanoni ma kan kafa ƙungiyoyi masu sunan talakawa.

Game da baiwar Allahn da ka gani, in dokar farashin wuta ko haƙƙin mutanen da za a tasa daga filayensu take magana, karatunta ya dace, wataƙila ma ta fi injiniya. In kuwa ta ce sola kaɗai za ta riƙe layi, ka nemi rahoton ƙungiyarsu ka duba ko sun sa kuɗin batir da na sababbin layukan jigilar wuta, ka kuma ga waye ya yi musu lissafin.