Ɗan Kwangilar Kula da Plaza Ya Nemi Ƙari, Dole Ne In Biya?

Tambaya: Barista, ina da plaza mai shaguna 24 a Kano. Na ba wani kamfani kwangilar kula da ita na shekara biyu: ruwa, janareto, kwata da rufi. Kuɗin wata tsayayye ne, da sharaɗin duk abin da ya lalace a gyara cikin awa 48, in ba haka ba in zaftare. Yanzu injin borehol ya ƙone, kwana tara ba ruwa, wai sai na yi ƙari saboda kaya sun yi tsada.

Amsa: Alhaji, abin da kuka ƙulla jinga ce, ba aikin yini ba. Ba zuwan mai gyara kake biya ba, ruwa a famfo kake biya. Wanda ya karɓi jinga a kan tsayayyen kuɗi, riba tasa ce in kaya sun sauko, asara ma tasa ce in sun hau. Kotu ba ta warware yarjejeniya don kawai aiki ya yi tsada, ko da irin tsadar da ta biyo bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. Sai dai in akwai sakin layin da ya ba da damar sake duba farashi. Ɗauko takardar ka duba.

Ka kuma duba ko "kula" ta haɗa da sayen sabon inji. Nan ne aka fi samun rigima, domin yarjejeniyoyi da yawa suna ɗora wa ɗan kwangila ƙananan gyare-gyare kaɗai, babban kaya kuma na mai gida ne.

Zaftarewa haƙƙinka ce, amma awa 48 daga yaushe? Daga lokacin da aka sanar da shi. In da baki maigadi ya faɗa masa, kana da aiki. Tattara saƙonnin WhatsApp, hotunan tankin da ya bushe, da rasit ko shaidar 'yan garuwa. Kuma abin da za ka cire ya yi daidai da asararka. In ya zama horo, kotu na iya ƙin tabbatar da shi.

Kada fushi ya sa ka kore shi yau, sai reshe ya juye da mujiya. Rubuta masa gargaɗi, ka ba shi wa'adi. In takardarku ta ce a je sasanci, wato gaban mai raba gardama a wajen kotu, Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023 ta sa dole kotu ta mayar da ku can in ɗayanku ya nema a kan lokaci. In ba ta ce ba, akwai cibiyar sulhu a Babbar Kotun Kano. Ni da zan ba ka shawara, ku raba kuɗin injin a rubuce, kuɗin wata ya tsaya yadda yake.