Daga Yamai zuwa Tawa: bas ko hiyas?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace mota ta fi dacewa daga Yamai zuwa Tawa, tunda da iyali za ka tafi. Ni dai bas na kamfani zan ce maka, irin su Rimbo ko STM. Tafiyar ta haura kilomita 500, ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙwanni, sannan a Tsarnawa a karkata arewa. Wuni guda ce cur. Bas yana da lokacin tashi, galibi da asuba, kowa da kujerarsa, kaya kuma a ƙasa. Ka yanki tikiti tun jajibiri, musamman gab da salla.

Hiyas ta tashar Wadata ta fi araha, amma sai ta cika take tashi, kuma duk ƙauyen da aka ɗaga hannu sai ta tsaya. Na taɓa shiga, ƙafata sai da ta kwana biyu tana tsami. Da yara, kada ka soma.

In kun sauka Tawa, kabu-kabu ya fi sauri, amma da uwargida da kaya ka nemi adaidaita. Ku yi ciniki kafin ku hau.