Tsohon Babur Mai Volt 6: Yaya Ake Cajin Batirinsa?

Tambaya: Na gaji wani tsohon babur ƙirar Honda na shekarun 1970 daga mahaifina, kuma ba kullum nake hawansa ba. Batirin da na saka masa ya yi sanyi bayan mako uku, na kai wa mai cajin batirin mota, ya dawo da zafi, bai ƙara riƙe wuta ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ina kyautata zaton cajin ne ya kashe batirin. Yawancin ƙananan baburan Honda na wancan zamani volt 6 suke amfani da shi, alhali na'urar cajin batirin mota an yi ta ne domin volt 12, kuma wutar da take turawa ta fi ƙarfin ɗan ƙaramin batir nesa ba kusa ba. Idan aka ɗora shi a kanta, ruwan ciki yakan tafasa, farantan dalma su lanƙwashe, daga nan kuma babu gyara.

Ka duba rubutun da ke jikin batirin. Idan ka ga 6N4, ma'anarsa volt 6 ne mai ɗaukar amp 4 na awa, kuma ƙa'ida ita ce a yi caji da kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi, wato amp 0.4, na kimanin awa 10. A sassauta murafen ramuka ukun da ke saman batirin, a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da sigari ko tartsatsi, domin iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta. Ka riƙa taɓa jikinsa. Da zarar ya yi zafi, a cire. Bayan ya huta, mitar auna wuta za ta nuna kusan volt 6.3 idan ya cika.

Sanyin da ya yi tun farko kuwa, ajiya ce ta jawo shi. Batir yana zubar da wutarsa ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma yana ƙara masa sauri, kuma idan ya daɗe babu caji wani farin gishiri yakan daskare a kan farantan ya hana su karɓar wuta. Saboda haka ka cire wayar batirin da ke haɗe da ƙarfen jikin babur idan za ka ajiye shi, ka yi masa caji duk bayan mako biyu zuwa uku.

Idan ruwa ya sauka ƙasa da layin da ke jikin batirin, tataccen ruwan batir (distilled water) kawai za ka ƙara, ban da asid, ban da ruwan famfo ko na rijiya. Ina kuma roƙonka kada ka tayar da babur ɗin babu batir, domin a irin waɗannan tsofaffin injuna batirin ne ke daidaita wuta, kuma rashinsa yana ƙona ƙwayayen fitila masu volt 6, waɗanda samunsu a kasuwa yanzu sai an sha yawo.