Tambaya da Amsa: Shin Mawaƙan Turawa Ma Suna Da Iyayen Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar adabi ce. A wajenmu mun saba ganin sarki ko attajiri ya ba mawaƙi riga ko doki ko mota, shi kuma ya wasa shi a waƙa. Malaminmu ya ce wani Ba'amurke ne ya riƙe mawaƙin ƙasar Ailan, W. B. Yeats. Shin alaƙarsu irin tamu ce? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Mutumin da malaminku yake nufi shi ne John Quinn, lauya a birnin New York, wanda aka haifa a jihar Ohio a 1870, iyayensa kuwa 'yan asalin Ailan ne. Ya ziyarci ƙasar kakanninsa a 1902, a nan sanayya ta shiga tsakaninsa da Yeats, kuma shi ne ya shirya masa zagayen gabatar da laccoci a Amurka daga ƙarshen 1903 zuwa farkon 1904, tafiyar da ta samar wa mawaƙin kuɗi masu kauri a lokacin da rubutu bai fara ciyar da shi sosai ba.

Akwai kama da tamu, domin mai hali ne ya tallafa wa mai fasaha. Amma Quinn bai nemi kirari ba. Abin da yake so shi ne takardun da mawaƙin ya rubuta da hannunsa, yana sayensu yana adanawa, sannan a matsayinsa na lauya yana buga kwafi kaɗan na ayyukan Yeats a Amurka domin doka ta kare masa haƙƙin mallaka.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne maganar mahaifin mawaƙin, John Butler Yeats, mai zanen hotuna, wanda ya tafi New York a ƙarshen 1907 da tsufansa ya ƙi komawa gida. A 1909 aminan biyu, wato Quinn da mawaƙin, suka ɓata a kan maganar wata mace da Quinn yake tare da ita, har suka yi kusan shekara biyar ba sa ga-maciji. Duk da haka Quinn bai juya wa dattijon baya ba, ya ci gaba da duba lafiyarsa da bukatunsa, wanda ko a Gombe ko Bauchi ba kowa ne zai riƙe uban wanda suke gaba da shi ba. Bayan sun shirya a 1914 sai aka yi tsari: ɗan yana aiko da rubuce-rubucensa, Quinn yana biyan kuɗin masaukin uban a madadinsu.

Dattijon ya rasu a New York a 1922. Yeats ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1923, Quinn kuma ya rasu a 1924 yana da shekara 54.