Kalmar "Azaba": Shin Ta Lahira Ce Kaɗai?

Wata mai karatu daga Maraɗi ta rubuto cewa wata rana da azumi, a tsakiyar bazara, ta dawo daga kasuwa ta ce "yau rana azaba ce", sai kakarta ta kwaɓe ta, ta ce azaba ta 'yan wuta ce, bai kamata a riƙa jawo ta cikin hira ba. Tana so ta san asalin kalmar, da kuma ko ta yi kuskure.

Malama, kakarki ta riƙe asalin kalmar daidai. Azaba ararriya ce daga Larabci, inda ake cewa "adhab", kuma ta shigo Hausa ne ta bakin malamai da almajirai. Duk wanda ya zauna a wurin tafsiri ya ji mai jan baƙi ya karanta "azabun alim", malami kuma ya fassara da "azaba mai raɗaɗi". Harafin zalun na Larabci, wanda ake furtawa da harshe a tsakanin haƙora, Bahaushe ya mayar da shi "z", kamar yadda ya yi a zikiri da izini da uzuri. Sannan ya ƙara mata wasalin "a" a ƙarshe, ta zama ta mace, shi ya sa muke cewa "azaba ta yi yawa". A wannan ma'ana ta farko ne ake maganar azabar kabari da azabar wuta.

Amma kalma idan ta daɗe a bakin mutane takan yi rassa, kuma azaba ta yi su da yawa. Daga cikinta aka sami "azabtar", aka sami "azababbe" da "azababbiya" da "azababbu", kuma ana cewa an "gana wa" mutum azaba, ko ya "sha" azaba. Mutumin da ciwon haƙori ya tayar da shi da tsakar dare, ya dafe kunci yana kai da komowa a tsakar gida, ya sa kanumfari bai ji sauƙi ba, ya kurkure da ruwan gishiri bai ji sauƙi ba, idan gari ya waye ya ce ya kwana cikin azaba, babu malamin harshe da zai ce ya yi kuskure. Haka ma azababbiyar yunwa, da azababben yaro wanda ya gallabi unguwa. Saboda haka maganarki Hausa ce ingantacciya.

Inda na fi jin nauyin gargaɗin tsohuwar shi ne wajen mizani. Bahaushe yana da matakai: akwai wuya, akwai wahala, waɗanda ake daurewa a ci gaba da harka, har ake cewa wuya ba ta kisa. Azaba kuwa tana can inda juriya ta ƙare, inda mutum ya rasa wurin tsayawa, irin halin da karin magana ya kira "rana zafi, inuwa ƙuna". Abin yana damuna idan na ji matashi ya kira jinkirin mota ko tsinkewar intanet azaba, domin ranar da abin gaske ya same shi, zai tarar ya riga ya ɓarnatar da kalmar.

'Yar'uwarta ita ce "uƙuba", ita ma daga Larabci, daga tushen da ke nufin abin da ya biyo baya, wato horon da ke bin laifi. Mutane suna musanya su a magana, amma a kunnena uƙuba ta fi ɗaukar ma'anar wahalar da wani ya ɗora wa wani kuma ta daɗe, kamar matar da ake cewa tana zaman uƙuba a gidan miji, alhali zafin ranar bazara da ya hana ki sakat a hanyar kasuwa, azaba ce ta fi dacewa da shi.