Hilux mai giyar hannu a hawan Tula

Malam, ka tambaya ko giyar hannu za ta wahalar da kai idan ka tsaya da lodin buhuna a hawan Tula, garin nan da ke kan tudu a Jihar Gombe. Idan motar tana da na'urar taimakon tashi a tudu, birki zai ci gaba da riƙe ta kimanin daƙiƙa 2 bayan ka ɗaga ƙafa, wanda ya isa ka saki kuloci sannu a hankali ka taka totur ba tare da ta zame baya ba. Tsofaffin samfura ba su da ita, sai birkin hannu.

Otomatik ta fi sauƙi, amma ni giyar hannu nake ba ka shawara, domin makanikan Gombe sun fi sanin gyaranta, kuma canjin faifan kuloci bai kai gyaran giyar otomatik tsada ba.